Amsa: Shuka filasko a Mai Wurno ta ƙasar Sudan

Malam, ka tambaya ko filaskon Makka, ganyen nan na wankin ciki wanda Larabawan nan ke kira sanamakka, zai yi a bayan gidanka. Zai yi mana, ai daga Sudan ake fitar da shi waje. Ƙasar jigawa mai yashi yake so, laka mai riƙe ruwa tana ruɓar da saiwarsa. Ƙwayar tauri gare ta, ka jiƙa ta ta kwana kafin shuka. Ganyen kuma a inuwa za ka shanya.

Batun gwada shi a jikinka, a nan nake jan kunnenka. Ni na taɓa cika hannu, na kwana ina murƙususu. Fara da ɗan kaɗan da dare, yakan yi awa 6 zuwa 12 kafin ciki ya motsa. Kar ka wuce mako guda, kar a ba mai juna biyu ko yara sai likita ya yarda.