Sokawe ya dawo mana da ƙazanta har ɗaki, an ce a zuba kananzir a tura yaro ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ruwan da aka tafka daren Talata ya sa ƙazanta ta dawo mana ta magudanar banɗaki, muka wayi gari ta malale har ɗakin yara, ta jiƙa kafet da katifar da ke ƙasa. Gidan haya ne a Kano, mu uku muke haɗa sokawe ɗaya, rijiyarmu kuma ba ta fi taku goma daga bakinsa ba. Na wanke da Izal, na kunna turaren wuta, amma wari na nan. Mai gidan ya ce zai kawo mai kemikal a zuba tare da kananzir, sannan yaronsa ya sauka ya buɗe bakin bututun. Autana yana rarrafe, maigidana kuma ya yi tafiya. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Kafin mu zo kan katifa, ki aika wa mai gidan nan yanzu cewa kada kowa ya sauka ramin nan, kada kuma a zuba komai a ciki. In ya ƙi ji, ki kai maganar wurin mai unguwa ko dubagarin yankinku. Gara ku ɓata da shi a kan a fito da gawa daga tsakar gidanku.

Shekaruna a aikin dubagari, babu abin da ya fi ba ni takaici kamar wannan magana ta "a buɗe murfi ya sha iska, in wari ya ragu sai a shiga". Ƙazantar da ke ruɓewa a rufaffen rami tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidurojin salfaid. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasan rami take kwanciya, buɗe murfi na rabin awa ba ya fitar da ita. Mugun halinta kuma, idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin da ke hancin mutum. Wato lokacin da yaro zai ɗago kai ya ce "Oga, ai babu wari ma", lokacin ne ya fi kusa da kabari. Yana taka laka ya motsa ta, iskar ta taso, numfashi biyu ko uku ya yanke jiki ya faɗi.

Na taɓa zuwa wani gida da wayar salula ta faɗa masai. Saurayi ya ɗaura igiya ya sauka, aka ji shiru. Yayansa ya bi shi, shiru. Maƙwabci ya toshe hanci da hankici ya bi su. Ko da 'yan kwana-kwana suka iso, silifas ɗinsu ne jere a bakin rami. Har yau ina ganin silifas ɗin nan. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, a wurin zaman makoki sai ga mutane suna cewa aljanun masai ne suka riƙe su, har da mai ba da shawarar a yi hayaƙi. Addu'ar shiga banɗaki sunna ce, mu riƙe ta, amma wanda ya kashe bayin Allahn nan iska ce da ake iya aunawa da na'ura. Muddin muna ɗora wa aljanu, gobe wani zai sake sauka da laya a ƙugu. Hankici, takunkumin fuska na kyamis, jiƙaƙƙen tsumma, babu wanda ke tare ta. Idan wani ya faɗa, a kira hukumar kashe gobara, kada na biyu ya bi shi ko da ɗan cikinsa ne.

Akwai kuma masu wayo da ke zura fitila ko kyandir don "gwada" ramin. A cikin ramin akwai wata iskar mai kama wuta, dangin gas ɗin girki. Ashana ɗaya ta isa ta ɗaga dakalin siminti. Ko da wutar ba ta mutu ba, hakan ba ya nuna babu gubar da ke kisa.

Shi kuwa mai kemikal, ki tambaye shi sunan abin da ke cikin jarkarsa, za ki ga ya fara kame-kame. Yawanci asid ne, ko soda mai ƙuna, wani lokaci har da kabaid na 'yan walda, wanda idan ya taɓa ruwa yake fitar da gas mai fashewa. Babu ruwan maganin da ke narkar da yashi da leda da famfas ɗin jarirai da audugar mata, kuma su ne ke toshe bututu. Kananzir yana yawo ne a saman ruwan ya danne wari na kwana biyu, ya kashe ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar, sannan ya tsiyaya ta ƙasa ya nufi rijiyarku. Ramin da ya cika yashe shi ake yi: a kira motar zuƙa, ko masu aikin gidan kowa da akwai da sharaɗin daga sama za su yi aiki. Toshewar bututu kuma filamba ke buɗe ta da sanda ko waya ta ƙaramin ramin dubawa. Tunda da ruwan sama abin ya zo, a duba ko indararon gidan ko ruwan tsakar gida na zuba cikin sokawen, a raba su. A sa wa bututun banɗakinki bawul mai hana ruwa komowa.

Yanzu ɗaki. Ki fitar da autan da sauran yara har a gama. Idan ruwan ya kai soket, a kashe wutar ɗakin daga babban makunni kafin a taɓa komai. Katifar soso da kafet da suka sha ruwan masai, haƙuri za ki yi, a zubar. Na san kuɗi ne, amma rana ba ta kai wa cikin soso, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna ke fara tsirowa. Ki sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa, ki kwashe dattin, ki wanke daɓe da ƙasan bango da omo tukuna, domin bilic ba ya aiki a kan datti. Sannan ki haɗa Hypo ko Jik mai ƙarfin kashi 3.5, kofi ɗaya a ruwa kofi shida, ki shafe ko'ina ki bar shi minti goma, taga a buɗe. Kada ki kuskura ki gauraya shi da Harpic ko wani asid, hayaƙin da zai tashi yana ƙona huhu. Turaren wuta ki ajiye shi sai ɗakin ya bushe.

Rijiyar ce ta fi tayar mini da hankali bayan ramin. Ƙa'ida ita ce tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, ta gidanku kuwa taku goma ce. Ki ɗauka ta gurɓata, ko da ruwanta ya yi garau kamar na gora. Alif yana kwantar da laka ne, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar kwalara. Mun ga yadda ta kasance a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024: ruwa ya haɗe masai da rijiyoyi, makonni kaɗan aka sanar da ɓarkewar kwalara a Borno. Ku tafasa ruwan sha da na wanke kwanon yaro har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ku sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a jikin takardarta, kuma ki faɗa wa matan sauran ɗakunan biyu. Idan wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, musamman autan, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tun daga gida, ku wuce asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.