Me ya sa hash ɗin da na haɗa bai yi daidai da na fayawol ɗinmu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da netwok a wani kamfani a Kaduna. Muna da fayawol, wato na'urar da ke tsare ƙofar netwok, ƙirar Cisco ASA 5510 da muka gada daga waɗanda suka riƙe aikin kafin ni. Shugabanmu ya ce in binciki ƙarfin kalmomin sirrin da ke kanta. A fayil ɗin saitinta na ga kowace kalmar sirri an mayar da ita haruffa 16, wato hash ɗinta, rikitaccen rubutun da na'ura ke ajiyewa a madadin kalmar. Na ɗauki tawa da na sani, na wuce da ita ta MD5, lissafin da ke haɗa hash, a kwamfutata, sai na samu haruffa 32 da ba su yi kama da na cikin fayil ɗin ba. Ina kuskuren yake? Kuma akwai shafukan intanet da ke cewa a liƙa musu hash su warware, in yi amfani da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce mai gaggawa: kada ka liƙa. Duk hash ɗin da ka saka a shafin da ba naka ba, ka miƙa wa baƙo rabin makullin kamfaninku ne, ga kuma adireshin intanet ɗinku da zai gani a rajistarsa. Aikin nan gaba ɗayansa ana yin sa a kwamfutar da ke gabanka, ko da an cire mata waya.

Sai batun haruffa 16. MD5 ɗin da ka yi ba ƙarya ya ba ka ba, Cisco ce ba ta amfani da shi tsurarsa. Tsarin ya samo asali ne tun daga PIX, tsofaffin fayawol ɗin Cisco da suka gabaci ASA. Na'urar za ta ɗauki kalmar sirri ta cike ta da sifirai har ta kai bayit 16, sannan ta wuce da ita ta MD5 sau ɗaya. Abin da ya fito, shi ma bayit 16 ne, sai ta kasa shi gida huɗu, ta jefar da bayit na ƙarshe a kowane gida. Saura 12. Waɗannan 12 ɗin ne take rubutawa da nata jerin haruffan, mai farawa da ɗigo da karan tsaye mai jirge, sannan lambobi, manyan baƙaƙe da ƙanana, su ba da haruffa 16 da ka gani. Kai kuwa ba ka cike da sifirai ba, ba ka jefar da komai ba, ka kuma rubuta sakamakon da tsarin lissafin goma sha shida. Babu yadda za su haɗu.

A kan ASA akwai ƙari. Idan kalmar sirrin ta wani mai asusu ce, ana liƙa mata haruffa huɗu na farkon sunansa kafin a wuce da ita ta MD5, a matsayin gishiri, wato ɗan ƙarin da ke sa kalma iri ɗaya ta ba da hash daban. Kalmar enable kuwa, wadda ke buɗe cikakken iko kan na'urar, ba ta da gishiri ko kaɗan, saboda haka fayawol biyu da ke da enable iri ɗaya za su nuna hash iri ɗaya ko da ɗaya tana Kaduna ɗaya tana Japan. Gishirin masu asusun ma ba wani abin kirki ba ne: admin da administrator duk admi za su samu.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ba a warware hash. Geron da aka niƙa ba ya komawa tsaba, sai dai ka niƙa wani geron da injin iri ɗaya ka kwatanta garin. Binciken da aka sa ka ke nan: ka tara kalmomin da kake zargi, ka haɗa hash ɗin kowacce daidai yadda na'urar ke yi, ka duba ko akwai wanda ya dace da na cikin fayil. Wanda ya dace, kalmarsa ta faɗi jarrabawa.

Ba sai ka rubuta lissafin da kanka ba. A yaren shirye-shirye na Python akwai wani kunshi mai suna passlib, cikinsa akwai cisco_pix da cisco_asa, ka ba su kalma da sunan mai asusu su fitar maka da haruffa 16 ɗin. Ina ba ka shawarar ka bi ta nan domin ASA tana da wasu ƙananan ƙa'idoji kan dogayen kalmomi, inda cikewar ke komawa bayit 32, kuma a nan ne masu rubuta nasu ke yawan tuntuɓe. Idan kalmomin gwajin sun yi yawa, sai Hashcat, manhajar gwada kalmomin sirri da yawa a jere, lamba 2400 ga tsarin PIX da kalmar enable, 2410 ga asusun ASA mai gishiri. John the Ripper, wata manhajar irinta, shi ma ya san su da sunayen pix-md5 da asa-md5.

Kafin ka amince da kowane daga cikinsu, gwada shi da abin da aka san amsarsa. Akwai hash biyu da duk wanda ya daɗe da Cisco ya haddace. Idan ka ga 2KFQnbNIdI.2KYOU, kalmar ita ce cisco, wadda tsofaffin na'urorin ke zuwa da ita daga masana'anta. Idan ka ga 8Ry2YjIyt7RRXU24, babu kalmar sirri kwata-kwata, fanko ne. Ka sa wa manhajarka cisco ba tare da suna ba. In ta ba ka na farkon, tana aiki daidai. Sannan ka gwada da taka kalmar da ka sani. Wannan matakin mutane ke tsallakewa, su bar kwamfuta tana ta gudu dare guda da tsarin da ba shi ba, da safe su rubuta rahoto cewa duk kalmomin suna da ƙarfi. Kuma tun kafin ka kunna komai, buɗe fayil ɗin ka nemi waɗancan biyun da ido. Na'urar da aka gada hannu zuwa hannu, ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗayansu zaune a ciki.

Jerin kalmomin gwaji shi ne inda basirarka za ta yi aiki. Kowa na farawa da rockyou, jerin kalmomi kimanin miliyan 14 da suka fito daga kutsen da aka yi wa kamfanin RockYou a 2009. Yana da amfani, amma ba mutanenmu ne suka cika shi ba. Injiniyan da ya saita na'urarku ya fi kusa da sa sunan kamfanin da shekara, ko sunan unguwa, ko ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, ko lambar wayar ofis, ya ƙara alamar motsin rai a ƙarshe don a ce ya bi doka. Ka zauna ka rubuta irin waɗannan da hannunka, ka bar Hashcat ta riƙa jujjuya su da manyan baƙaƙe da lambobi. Ɗan gajeren jeri na wanda ya san gidan ya fi dogon jeri na baƙo kamu.

Yanzu ga maganar da nake so ta shiga rahotonka ko da ba ka kama kalma ko ɗaya ba. Nau'in hash ɗin shi kansa rauni ne. MD5 zagaye ɗaya, katin zane na kwamfutar wasan gem na zamani yana gwada biliyoyi a daƙiƙa guda. Kalma mai haruffa takwas ba ta da wani dogon kwana a gabansa, komai haɗin gambizarta. Cisco ta san haka. Daga sigar ASA 9.7(1) ta 2017, ana adana kalmomin enable da na masu asusu da PBKDF2, tsarin da ke maimaita niƙan sau da yawa, za ka gane su da $sha512$5000$ a farkon hash ɗin, wato zagaye 5,000 da gishiri na gaske. Sai dai akwai tarko: ɗaga sigar manhaja ba ya sauya tsofaffin kalmomi, suna nan a MD5 har sai an sake shigar da su. Ku kuma naku ya fi haka tsauri, domin 5510 ta tsaya ne a sigar 9.1, ba za ta taɓa kaiwa 9.7 ba. Ɗan ƙaninta 5505 ma a 9.2 ya tsaya.

Don haka muddin na'urar nan ce a ƙofarku, sai dai a rage ɓarna. A tsawaita kalmomin sosai, kuma manhaja ce za ta zaɓe su, ba mutum ba. A mayar da tantance masu shiga kan wata saba ta daban mai riƙe asusu, irin TACACS+ ko RADIUS, a bar asusu ɗaya tak a na'urar don ranar da sabar ta faɗi. A rufe telnet, hanyar shiga daga nesa da ba ta ɓoye abin da aka rubuta. A taƙaita SSH, takwararta mai ɓoyewa, ga adireshin kwamfutocin masu kula kaɗai. A kuma sa kuɗin sabuwar fayawol a kasafin baɗi, wanda shi ne gyaran gaske.

Tunda ka shiga fayilolin saiti, leƙa na rauta da suwic ɗinku ma, can lambar da ke gaban kowace kalmar sirri ce ke gaya maka nau'in tsarin da aka adana ta da shi. Nau'i na 7 ba hash ba ne, ɓad-da-kama ne kawai da ake mayarwa nan take. Na 5 MD5 ne mai gishiri da zagaye 1,000, yana farawa da $1$, kuma openssl passwd -1 na iya haɗa irinsa. Na 4 abin kunya ne: an yi niyyar ya fi na 5, sai a 2013 masu aikin Hashcat suka gano SHA-256 ne zagaye ɗaya ba gishiri, Cisco ta amsa ta janye shi. Na 8 PBKDF2 ne mai zagaye 20,000, na 9 kuma scrypt. Hukumar NSA ta Amurka, a jagorar da ta fitar a Fabrairun 2022, na 8 ta ba da shawara a yi amfani da shi.

Abu biyu game da kare kanka. Umarnin shugaba na baki bai isa ba. Ka karɓi takarda ko imel da ke faɗin na'urorin da aka yarda ka bincika da kwanakin aikin. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba, kuma ranar da aka samu saɓani a ofis, takardar ce za ta yi maka magana. Na biyu, fayil ɗin saitin ya fi hash ɗin haɗari. Idan da umarnin more system:running-config ka ciro shi, makullan VPN suna ciki a fili. Kada ya bi ta WhatsApp, kada ya kwana a filashin da ake aro. A rahoton kuma ka rubuta cewa asusu kaza ya faɗi cikin minti kaza, ba tare da ka rubuta kalmar kanta ba, ka sa mai ita ya canza a ranar, sannan ka goge fayil ɗin hashcat.potfile, domin a nan Hashcat ke ajiye duk abin da ta kama.