Filin Tambaya da Amsa: Na haddace kalmomi dubu, amma Turancin jarrabawar banki yana kayar da ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibarka ce daga Gusau. Na karanta ilimin tattalin arziki a jami'a, kuma na kammala hidimar ƙasa bara. Sau biyu ke nan ana gayyata ta jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki, irin wadda ake yi a kwamfuta, kuma duka biyun lissafi bai ba ni wahala ba, Turanci ne yake kayar da ni. Na rubuta kalmomi kusan dubu a littafi tare da fassararsu ta Hausa, na haddace su har ina iya kawo su da ka, amma da zarar na zauna gaban kwamfuta sai in ga kalmar da na sani ta shigo cikin jimlar da na kasa ganewa. Ga shi shekaru suna tafiya, bankuna kuma suna da iyakar shekarun da suke ɗauka. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Duk wadda ta iya zama ta haddace kalmomi dubu ba raguwa ba ce, saboda haka kada ki zargi ƙwaƙwalwarki. Inda matsalar take shi ne kin ɗauki kowace kalma tamkar abu mai ma'ana ɗaya tilo, alhali kuwa babu harshen da yake tafiya a haka, har da namu.

Ki ɗauka wani Bature ya zo koyon Hausa, ya rubuta "ci" a littafinsa, ya sa fassararta ta Turanci a gefe, wato sa abinci a baki. Ranar da ya shiga Kantin Kwari ya ji ana cewa wane ya ci bashi, wane ya ci riba, wane ya ci amanar ubangidansa, kasuwa ta ci jiya, 'yar wane ta ci jarrabawa, me haddarsa za ta amfana masa? Kalmar ɗaya ce, amma abin da ya biyo bayanta shi ne yake faɗa mana wace "ci" ake nufi. Abin da yake faruwa da ke gaban kwamfuta ke nan. Mu da muka taso da karatun allo muna da ƙarfin hadda, kuma baiwa ce babba, amma ai ko a tsarinmu na gargajiya wanda ya sauke yakan koma zaure gaban malami ya ɗauki karatun littattafai, inda ake bin jimla ana warware ma'anarta a inda ta zo.

Masu shirya waɗannan jarrabawa, ko bankin da kansa ko kamfanonin da yake ba wa kwangilar tantancewa, ba su damu da yawan kalmomin da ke kanki ba. Abin da suke aunawa shi ne ko za ki iya karanta takardar aiki cikin gaggawa ki fahimci abin da ta ce, ba tare da ƙari ko ragi ba, domin ma'aikacin banki yini yake yi cikin wasiƙu, da takardun umarni daga Babban Bankin Najeriya, da yarjejeniyoyin bashi. Shi ya sa suke son kalmomin da kowa yake ganin ya sani, amma suna da wata fuska ta daban a harkar kuɗi.

Na taɓa koyar da wani yaro mai hazaƙa da ya kawo mini tambayar da ta kayar da shi a gwaji. Jimlar ta ce: "The bank reported a sharp rise in outstanding loans." An ce ya zaɓi kalmar da ta fi kusa da *outstanding*, sai ya zaɓi *excellent* ko ɗar bai ji ba, domin tun yana firamare wannan kalma ce ake rubuta masa a katin sakamako idan ya zo na ɗaya. Na ce masa ya rufe kalmar da yatsa ya karanta sauran jimlar, sannan ya faɗa mini wane irin bashi ne banki zai ba da rahoton ƙaruwarsa. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wanda ba a biya ba tukuna." Amsar tana cikin jimlar tun farko, haddar ce ta hana shi dubawa.

Irin waɗannan kalmomi suna da yawa a Turancin banki. *Interest* sha'awa ce a hira, amma kuɗin ruwa ce a takardar bashi. *Principal* shugaban makaranta ne a wurin ɗalibi, uwar kuɗi ce a wurin ma'aikacin banki, kuma ga 'yar'uwarta *principle* da ake furta su iri ɗaya, ita kuma ƙa'ida take nufi. *Maturity* ba balaga ba ce idan ana maganar ajiya ta ƙayyadadden lokaci, ranar cikar wa'adi ce. Akwai ma waɗanda suke ɗauke da ma'anoni biyu masu karo da juna: *sanction* tana iya zama amincewa, tana iya zama hukunci ko takunkumi, *oversight* kuma tana iya zama sa ido da kulawa, ko kuwa kuskuren da aka yi bisa rashin lura. Babu wata fassara ɗaya da za ki rubuta a gefen waɗannan ta fisshe ki.

Akwai kuma tarko biyu da suka fi kama mu. Na farko daga harshenmu yake. Bahaushe yana bambanta aro da rance: abin da za a mayar da shi kansa, kamar tabarma ko keke, aro ne, abin da za a kashe a biya da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Bature bai damu da wannan bambanci ba, shi abin da ya raba shi ne mai bayarwa da mai karɓa, *lend* ga mai bayarwa, *borrow* ga mai karɓa. Mu kuwa da saiwa ɗaya muke yin duka biyun, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi, shi ya sa bakinmu yake saurin cewa "borrow me", kuma a jarrabawar banki wannan kuskure ne da yake juya jimla gaba ɗaya, mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Tarko na biyu daga Turancin da muke ji kullum a Najeriya yake. Kin saba jin mutum ya ce ya kira wane "severally", yana nufin sau da yawa. A Turancin shari'a da na banki kuwa *severally* tana nufin kowa a karan kansa, saboda haka idan takarda ta ce mutum biyu da suka tsaya wa mai cin bashi suna da alhaki "jointly and severally", ma'anarta banki yana da ikon bin su tare, ko ya kama ɗaya daga cikinsu ya biya duka kuɗin shi kaɗai. Mutane da yawa sun sa hannu a kan wannan jimla ba su san nauyin da suka ɗauka ba.

To, yaya za ki yi? Kada ki jefar da littafinki, amma ki buɗe sabo, kuma a wannan sabon kada kalma ta shiga ita kaɗai. Kullum ki karanta labari ɗaya na harkar kuɗi, daga jaridar BusinessDay ko shafin kasuwanci na Daily Trust, ko jawabin shugaban hukumar gudanarwa da ke farkon rahoton shekara na kowane banki, wanda ake samu kyauta a shafinsu na intanet. Idan kin ƙara ƙarfi ki koma kan sanarwar da Kwamitin Manufofin Kuɗi na Babban Banki yake fitarwa bayan kowane zama, domin Turancinta ya yi kama ƙwarai da na nassoshin da ake kawowa a jarrabawa. Idan kin ci karo da kalmar da ta tsaya miki, kada ki yi saurin ɗauko ƙamus. Ki fara yin hasashen ma'anarta daga abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta, ki rubuta hasashen naki, sannan ki duba ƙamus na Turanci zalla, irin wanda aka yi domin masu koyo, mai kawo misalan jimloli. Wannan hasashe shi ne ainihin atisayen, domin shi za ki yi ranar jarrabawa inda babu ƙamus. Daga nan ki kwafe jimlar gaba ɗaya, ki ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka saba tafiya da ita, kamar yadda *default* take jan *on a loan*, *comply* take jan *with*, *liable* take jan *for*, sannan ki ƙirƙiri jimlarki ta kanki a kan wani abu da kika sani, ko da adashin unguwarku ne.

Kalmomi biyar zuwa bakwai a rana sun isa. Na san za ki ga kamar sun yi kaɗan ga wadda ta haddace dubu, amma abin da ake so shi ne ki waiwaye su washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, ki rufe ma'anar ki gwada tunowa da kanki. Tun a 1885 masanin nan ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, saboda haka bitar farko ita ce mafi muhimmanci. Ki kuma lura da nauyin abin da kike karantawa. Binciken masana koyon harshe, musamman Paul Nation na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi sosai ba tare da taimako ba. Idan kowane layi yana da baƙuwar kalma, hasashe ba zai yiwu ba, sai ki sauko zuwa rubutu mai sauƙi tukuna.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ƙananan kalmomin da ba wanda yake sa su a jerin hadda, irin su *unless*, *whereas*, *although*, *some*, *most*, *may*, da *notwithstanding*. Su ne suke juya akalar jimla, kuma a kansu ake gina tambayoyin nan da ake ba ki nassi a ce ki zaɓi ko magana gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko kuwa ba za a iya yanke hukunci daga nassin ba. Ga misali: a watan Maris na 2024 Babban Banki ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankunan da ke da lasisin hulɗa da ƙasashen waje zuwa naira biliyan 500. A ce nassi ya kawo wannan, ya ƙara da cewa "some banks may raise fresh capital by selling new shares", sai tambaya ta ce duk bankuna za su sayar da sababbin hannayen jari. Mai bin labarai zai so ya amsa da abin da ya ji a rediyo, amma nassin "wasu" ya ce, kuma "mai yiwuwa" ya ce, saboda haka amsa ita ce ba za a iya yanke hukunci ba. Ke da kika karanta tattalin arziki wannan tarko ya fi kusa da ke, domin ilimin da kike da shi zai riƙa sa baki a inda ba a tambaye shi ba.

Idan saura mako uku ko huɗu a shiga jarrabawa, ki fara gwaji da agogo, kuma a kan kwamfuta ko waya, ba a takarda ba, domin sau da yawa lokacin da ake bayarwa bai wuce minti ɗaya ga kowace tambaya ba, kuma karatu a fuskar kwamfuta yana da nasa sabo. Duk tambayar da kika faɗi, ki koma ki gano kalmar da ta yaudare ki, ki shigar da ita sabon littafin tare da jimlarta. Allah ya ba ki sa'a, kuma ina jiran labari mai daɗi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni daga Kano nake. Burina in yi aiki a bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, kuma ina da ƙarfi a Larabci da fiƙihun ciniki. Shin ni ma sai na sha wannan wahala ta Turanci?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Ƙwarai kuwa, sai ka sha ta. Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da ya biyo baya a 2019, da Lotus a 2021, duk Babban Bankin Najeriya ne yake ba su lasisi yana sa musu ido, kuma da Turanci suke rubuta yarjejeniyoyinsu da rahotanninsu. Larabcinka jari ne babba, domin nau'o'in cinikin Musulunci irin su murabaha da mudaraba da ijara ba baƙi ba ne a wurinka, alhali abokan takararka sai sun koye su daga tushe. Abin da ya rage maka shi ne sanin rigar Turancin da ake sa musu. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, abin da ake biyan masu zuba jari *rental* aka kira shi, wato kuɗin haya, domin a kan ijara aka gina shi. Haka kuma ribar da banki yake ɗorawa a kan kaya a cinikin murabaha *mark-up* ko *profit* ake ce mata, kuma wanda ya kira ta *interest* a gaban masu tantancewa ya nuna bai fahimci aikin da yake nema ba. Ka bi hanyar da na shimfiɗa wa 'yar'uwarka ta Gusau, sai dai kai ka fara karatunka da rahoton shekara na ɗaya daga cikin waɗannan bankuna, musamman shafin da kwamitin malamai masu ba da shawara kan shari'a yake rubuta bayaninsa.