Kwalekwale mai inji don shan iska a Goronyo

Tambaya: Malam, ina so in sayi ƙaramin kwalekwale mai inji, in riƙa fita da iyalina shan iska a Dam ɗin Goronyo. Wane iri ya dace? Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Alhaji, fara da injin, jikin jirgi ya biyo baya. Ga mutum biyar ko shida, Yamaha mai ƙarfin doki 15 ya wadatar, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu wajen makanikan Yawuri. In na hannu ne, kada ka yarda a tayar maka da shi a tudu. A sa shi cikin ruwa, ka tsaya ka ga siririn ruwan nan da yake fesowa ta baya. In bai fito ba, mai yiwuwa famfon sanyaya injin ya mutu. Ni na taɓa sayen irinsa, sati biyu ya ƙone.

Jiki kuwa, na faiba mai shimfiɗaɗɗen gindi nake so, domin da rani ruwan kogin Rima da dam ɗin ya tare yana janyewa, farfela ta riƙa cin yashi. Ka kwankwasa gindin ka ji ko akwai faci.

Rigar ruwa mai hana nutsewa ga kowa, har da ta yara daidai jikinsu, sannan rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa.