Malama, Su Ba Su Da Hankali Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Daura. Mun zo kan yadda dimokuraɗiyyar Jamus ta ruguje tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sai wata ɗaliba ta ce, "Malama, su ba su da hankali ne suka zaɓi Hitila?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Ta ina zan ɓullo musu?
Wata malama, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan ki riƙe ta da kyau. Abin da ya ba su dariya shi ne sun riga sun san ƙarshen labarin, su kuwa Jamusawan 1930 ba su sani ba. Don haka ki ɓoye musu sunan Hitila tukuna.

Lokacin da nake aji a nan Katsina, da allo nake farawa. In rubuta 4,200,000,000,000 in ce a ƙirga sifili. Wani yaro ya taɓa ce min, "Malam, ai wannan ta fi lambar waya tsawo." Sai in gaya musu kuɗin Jamus ke nan da ake bayarwa a karɓi dala ɗaya a watan Nuwamba 1923. Wanda ya shekara talatin yana tari, ajiyarsa ba ta sayen burodi.

Amma kada ki tsaya nan, don a nan malamai da yawa ke zamewa su ce tsadar ce ta kawo Hitila kan mulki. A wannan watan ya yi yunƙurin juyin mulki a birnin Munik na Jamus, ya sha ƙasa, aka ɗaure shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujera 12 kacal a majalisa.

Ki samo kwalin alli ya zama akwatin zaɓe. Ki ba kowace yarinya 'yar takarda: ke manomi ce da bashi ya yi wa katutu, ke tsohon soja, ke mai shago, ke leburan masana'anta. Jam'iyyun ki sa musu sunan launi, ki karanto alkawuransu kawai. A jefa ƙuri'ar 1928. Kafin zagaye na biyu ki ba su labari: kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi a 1929, masu ba Jamus rance sun janye kuɗinsu. Kafin na uku ki ce marasa aikin yi sun kai miliyan 6. Ki zuba ido ki ga hannu nawa zai koma ga jam'iyyar da ta yi alkawarin aiki, ta kuma nuna wanda za a ɗora wa laifi, wato Yahudawa, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Sai ki buɗe sunayen, ki rubuta sakamakon gaskiya na jam'iyyar Hitila: kujera 107 a 1930, kujera 230 a Yuli 1932. Ni dai duk ajin da na yi wa haka, a nan dariya ke ɗaukewa.

Saura gyara ɗaya a tambayar 'yar taki: ba mafi yawan Jamusawa ne suka zaɓe shi ba, naɗa shi aka yi. Kashi 37 ne ƙololuwar abin da ya samu kafin ya hau, a Nuwamba 1932 ma ya sauko zuwa 33. Tun 1930 majalisa ta zama 'yar kallo, shugaban ƙasa Hindenburg na mulki da dokar ta-ɓaci a ƙarƙashin sashe na 48 na kundin tsarin mulki. Su Papen, wani tsohon shugaban gwamnati, da sauran manyan da ke kewaye da Hindenburg, su suka lallashe shi ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933, suna ganin sun sa masa linzami tunda ministoci biyu ne kawai 'yan jam'iyyarsa. Gobara ta ci ginin majalisa ranar 27 ga Fabrairu, washegari aka jingine 'yancin jama'a. Ranar 23 ga Maris majalisar da kanta ta miƙa masa ikon yin doka, ƙuri'a 444 da 94.

Za su jawo siyasar gida, ba makawa. Ki bar su su kwatanta, amma ki hana kiran sunan jam'iyya, don a ajin nan akwai 'yar kowa. Darasi biyu abin zai ci. Ki roƙi malamin lissafi ya ara miki nasa, ki ce masa sifili za ku ƙirga.