Ƙananan kwaɗin kan kachala: launi ba ya raba su

Malam, ka ce a fadamar Haɗeja kana ganin ƙananan kwaɗi maƙale a kachala, wasu farare fat, wasu ruwan ƙasa, kana tambaya ko iri biyu ne. Wataƙila ɗaya ne. 'Ya'yan wani ƙaramin kwaɗo da masana ke kira Hyperolius nitidulus sukan koma fari da rani domin fatar ta mayar da zafin rana, kuma namiji da mace ma kan bambanta. Launi shi ne ya fi ruɗar mutane.

Fara da ido. Riƙe kwaɗon da jiƙaƙƙen hannu a wuri mai haske har baƙin idon ya tsuke. Da dare yana buɗewa, ba za ka gane komai ba. Idan tsagar baƙin idon a kwance take, kwaɗon jinsin Hyperolius ne. Idan a tsaye take, duba baya: ƙananan ƙayoyi a fata da ratsi a tsaye, jinsin Afrixalus ke nan, mai naɗe ƙwansa cikin ganye. Wanda ke tafiya a ƙasa maimakon tsalle, da ratsin baƙi, jinsin Kassina ne.

Auna tsayi daga hanci zuwa gindi, yawanci santimita 2 zuwa 3. Ɗauki hoton baya, ciki da maƙogwaro, sannan ka naɗi kukansa da waya da damina, domin kukan maza ne ke raba nau'o'in da suka yi kama.