Amsa ga mai tambaya kan ƙananan burodi masu bota da tafarnuwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce burodin naki yana fitowa da kyau, amma kafin gari ya waye ya yi tauri, ga kuma ɗaci-ɗaci a samansa. Matsala biyu ce daban-daban, kuma ta farkon ce ta fi damun mata.

Taurin nan yawanci daga yawan fulawa yake. Da kwaɓi ya fara kama hannu sai a barbaɗa fulawa, a sake barbaɗawa, har ya daina danƙo, a ɗauka ya yi. To a nan laushin ya tafi. Kwaɓin wannan burodin dole ya ɗan riƙa kama yatsa. In ya dame ki, shafa man gyaɗa a tafin hannunki da kan tebur, kada ki ƙara fulawa.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi na shekara da shekaru: fulawa giram 500, wato kusan kofi 4, yis giram 7, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ƙwai 1, bota giram 60, sai madara kofi ɗaya da kwata. Madarar gari da aka dama ma tana yi. Ki tabbatar ɗumi kawai ta yi, domin zafin da ya kai digiri 60 kashe yis yake.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Ki cire fulawa babban cokali 3 daga cikin ma'aunin, ki dama da rabin kofin madarar, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ta yi kauri kamar talge. Ki sauke ta huce, sannan ki zuba cikin kwaɓin. Masu gashin burodi a Japan da Sin sun daɗe suna haka. Dafaffiyar fulawa tana riƙe ruwa fiye da ɗanya, shi ya sa burodin ke kwana biyu da laushinsa. Wallahi aikin minti 3 ne, amma bambancin a bayyane yake.

Bota kuma sai kwaɓin ya haɗe jikinsa ake sa ta. Ki murza da hannu minti 12 zuwa 15. Ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali. In ya miƙe har kina hango haske ta cikinsa bai yage ba, ya murzu. Ki rufe ya ninka girmansa. Kada ki bi agogo: da bazara minti 45 ya isa, da hunturu kuwa yana iya wuce awa ɗaya da rabi, kuma iskar nan tana busar masa da kai, sai ki rufe da leda da kyau. Ki raba 12, ki mulmula, ki jera kusa da juna a faranti, ya sake tashi. Jerawa kusa-kusa na hana gefensu bushewa.

Ɗacin kuwa tafarnuwa ce ta ƙone. Ni ba na sa ɗanyarta a saman kafin gashi, ba na kuma zuba ta da yawa a kwaɓi, domin tana rage wa yis ƙarfi. Ki narka bota babban cokali 3 a wuta kaɗan, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa ƙwara 4 ko 5, da kin ji ƙamshi ya tashi ki sauke tun ba ta sauya launi ba. In kina da ganyen faski, wato parsley, ki yanka ciki.

Ki gasa a digiri 180, minti 18 zuwa 22. Marar oven ta zuba yashi ko gishiri a babbar tukunya, ta bari ya yi zafi minti 10, ta ɗora farantin a kan wani abu don kada ya taɓa ƙasa, ta rage wuta, ta daina yawan buɗewa. Da fitowarsa, yana turiri, ki shafe shi da botar nan ta shige ciki, ki yafa masa ƙyalle mai tsabta har ya huce.

Kada ki sa shi a firij, sanyin yana saurin busar da burodi. Leda mai ɗaurewa ta isa, wanda zai wuce kwana biyu kuma ki sa a firiza. Allah ya sa albarka, ki gwada ki faɗa mana yadda ya fito.